Ihun Odell Mai Aski

Jirgin ƙasa na wucewa ta gadar saman titi lokacin da Farfesa Loretta ta ɗaga wayarta don ɗaukar murya, ta fara karanta shafin wani tsohon littafi. Shekara da shekaru nan take kawo ɗalibanta, ƙofar shagon askin Odell, domin a wannan kwanar ta Chicago marubucin tsohon littafin ya ajiye jarumarsa ranar da ta sauka birni da akwati ɗaya. Bana jami'a ta mayar da darasin intanet. Taswira ce, ɗalibi ya danna kwana ya ji muryar malama. Shagon kuwa yau zai rufe, an sayar da ginin.

Ba ta yi nisa ba Odell ya leƙo da almakashi a hannu, kamar kowace shekara.

"Marubucin nan ƙarya yake yi! Wai unguwa mai ƙamshin burodi? Warin mayanka dai, ko ƙuda sai ya toshe hanci!"

"Odell, aiki nake yi."

"Ina yaran naki? Ko kin cusa su cikin wayar ne?"

Ta yi dariya, amma maganar ta sosa mata rai. Da, a daidai nan ɗalibai ke farkawa. Mai hamma ya daina, mai kunya ta buɗe baki, a yi ta musu da mai aski har sanyi ya kora su cikin shago shan kofi. Tsofaffin ɗalibanta in sun kira, ba ta littafin suke yi ba, lafiyar Odell suke tambaya.

Sai da ta hau bas ta saurari abin da ta ɗauka. Muryarta ce tas, ita kaɗai. Ashe manhajar jami'a share hayaniya take yi, muryar da ke kusa da waya kawai take bari. Ta kwashe ƙarar jirgi, ta kwashe Odell, ta bar wata tsohuwa tana gaya wa iska aiki take yi.

Ta sauka a tasha ta gaba ta dawo a ƙafa, gwiwa na ciwo. Ta tarar Odell ya sauke madubin bango yana naɗe shi cikin bargo.

"Farfesa, mantuwa kika yi?"

Ta miƙa masa littafin. "Fito waje. Yau kai za ka karanta."

"Ni? Wannan maƙaryacin?"

"In ka zo inda ya yi ƙarya, sai ka ƙaryata shi. Ka ɗaga murya."

Ya sa tabarau, ta kara wayar kusa da bakinsa. Yana karantawa a hankali, yatsa kan layi, har ya iso wajen burodin. Ta jira ihun. Shiru. Tsallaken titi yake kallo, inda yanzu ake ajiye motoci.

"Akwai gidan burodin fa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Can yake a da. Mahaifiyata ke aikena da safe. Ihun don yaranki nake yi, su daina hamma."

 Ta ƙara matso da wayar.