Ɗan Wasan Ranar Laraba

A gidan Kyaftin ba a taɓa barin babban kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin ba. Mahaifinsa ya tsare wa kulob ɗin raga shekara tara. Shi kansa ya buga masa baya shekara goma sha huɗu, bakwai daga ciki yana ɗaure da ƙyallen shugabanci a damtse, kuma har yau da furfura ta gama cinye masa kai ba mai kiransa da wani suna ban da Kyaftin, har matarsa. Saboda haka a safiyar Talatar da autansa ya ajiye takarda a gefen kofin shayinsa, ya ce wata ƙungiya ta rukuni na biyu tana nemansa, Kyaftin bai ko ɗauki takardar ba. Da bayan cokali ya ture ta.

"Maimaita, ban ji ba."

"Baba, ka ji," in ji Auta. "Ranar Juma'a da azahar ake rufe rajista. Koci ya ce ba zai sa hannu ba sai ka je ka gaya masa da bakinka cewa ka yarda."

"To ashe Koci ya fi ka hankali."

Auta yana tsaye jikin ƙofar falo, jakarsa a kafaɗa. Shekararsa ashirin da ɗaya, kakar wasa biyu ke nan yana cikin manyan 'yan wasan kulob ɗin, kuma in aka haɗa duk abin da ya buga a gaban jama'a bai wuce minti goma sha ɗaya ba. Kyaftin ya san wannan sarai. Kowace Asabar yana zaune a kujerun da aka keɓe wa tsofaffin 'yan wasa, yana hango ƙeyar ɗansa a benci. Amma a wurinsa benci makaranta ce, kuma ya gyara zama ya fara karanto wa yaron abin da ya gabata, kamar yadda ya saba.

"Kakanka ya yi shekara biyu a benci kafin a ba shi safar hannu. Ni na yi uku. Uku cur, kuma ban taɓa kawo wa ubana takarda a kan shayinsa ba. A zamaninmu an yi wani ɗan gaba da muke kira Walƙiya, ya fi ka gudu nesa ba kusa ba. Shi ma irin wannan zafin kan ya ɗebe shi, ya tafi ƙaramar ƙungiya don a riƙa tafa masa. Filinsu duk rami ne. Kafin shekara ta zagayo gwiwa ta tafi, shi ke nan labarinsa. Mutum yana cikin gidan da kowa ke mafarkin shiga, ya ce zai fita ya koma rumfa?"

Matarsa ta leƙo daga kicin tana goge hannu. "Kyaftin, ni dai abin da na sani, rigar wasan yaron nan ko sabulu ba ta ci. Yadda na goge ta haka take dawowa."

"Ba da ke nake ba."

"Ai na sani. Da kanka kake, tun ɗazu."

Auta bai yi dariya ba. Ya dubi mahaifinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Baba, ka taɓa zuwa atisayen Laraba?"

"Tsohon ɗan wasa ba ya zuwa ya tsaya a kan koci. Haka muka tarar."

"To shi ya sa kake wannan maganar."

Ya juya ya fita, ko sallama babu. Kyaftin ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu. Ya yanke shawarar zai karya dokar da ya riƙe shekara ashirin: zai je filin gobe, ya yaga takardar nan a gaban Koci da yaron, kowa ya huta.

Washegari da hantsi, mai gadin filin ya buɗe masa ƙofa har da sara masa. Kyaftin ya tsaya a inuwar rumfar 'yan kallo, inda ba a lura da shi ba. Kocin yana tsakiyar fili da usur a wuya. Gajere ake ce masa a da, lokacin da yake ƙaramin ɗan wasa mai ɗaukar wa Kyaftin takalma. Yanzu ya yi tumbi, ya yi murya. Ya raba 'yan wasan gida biyu: waɗanda za su buga ranar Asabar a gefe guda, sauran a ɗaya gefen. Daga nan ya zaro wata 'yar shara ruwan ɗorawa ya jefa wa Auta.

"Yau kai ne dogon nan mai lamba tara na waɗanda za mu kara da su ranar Asabar. Ka kalli hotunan da na turo maka?"

"Na kalla, Koci."

"To zama shi."

Abin da Kyaftin ya gani daga nan bai taɓa ganin irinsa a jikin ɗansa ba. Auta ya saki kafaɗu, ya ɗan ranƙwafa, ya fara tafiya yana jan ƙafar dama kamar mai tsohon ciwo. Yaron da tun yana rarrafe da hagu yake taɓa ƙwallo, yau ko sau ɗaya bai kai hagun ba. Yana ba 'yan baya baya, yana tokare su da gwiwar hannu, yana tashi sama da wuri ya jira ƙwallo. Kyaftin ya sha kallon wancan dogon mai lamba tara, kuma da ba don fuska ba da ya rantse shi ne a filin. Cikin minti goma Auta ya jefa biyu a raga, ɗaya da ka, ɗaya da dama. Duk lokacin da ƙwallo ta shiga Koci sai ya hura usur ya rufe 'yan bayansa da faɗa, ya nuna musu inda suka tsaya ba daidai ba. Wanda ya ci ƙwallon kuwa ko kallonsa ba a yi.

"Kai, bara ka fi kyau da kake ɗan gajeren nan mai rawar kai," wani ɗan baya ya ce masa yana haki. "Wannan dogon naka akwai gwiwar hannu."

"Mako mai zuwa wa za ka zama? Ka zama matar gola mu gani!"

Aka yi dariya. Can an jima ƙwallo ta zo wa Auta a gefen fili, mutum biyu suka taso masa. Jikinsa ya manta umarni. Ya miƙe, ya yanke ciki da hagu, ya bar su biyun suna kallon juna, ya narka ta can saman kusurwa inda gola bai ko motsa ba. Kyaftin ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Wannan yankan ya san shi, a tsakar gidansa aka koye shi, har sai da ya fasa tagogi biyu.

Usur ya tsage iska.

"Wa ya sa ka? Wa ya ce ka yi wannan?" Koci ya taho yana nuna shi da yatsa. "Mutumin nan yana da hagu ne? Ka taɓa ganin ya yanke? Ɓata mini lokaci za ka yi? Ba a ci ba. A sake!"

Auta ya sunkuyar da kai, ya sake sakin kafaɗu, ya koma jan ƙafa.

Kyaftin bai san lokacin da ya baro rumfar ba. Ya dai san bai yi magana a gaban yara ba, domin ko a cikin fushi ba ya tozarta koci a filinsa. Ya jira aka tashi, ya bi Gajere har ofis, ya rufe ƙofa da ƙarfin da ya sa allon tsara wasa ya karkace a bango.

"A'a, Kyaftin! Ranka ya daɗe, yau kai ne a wurinmu ranar Laraba? Bari a kawo ruwa."

"Riƙe ruwanka. Tun yaushe ɗana yake wannan aikin?"

Koci ya zauna a hankali. "Tun zuwansa. Baiwa ce, Kyaftin. Ya kalli mutum sau biyu, ya zama shi. Tun da na fara sa shi, ƙwallayen da ake zura mana sun ragu da rabi."

"Na ga ya ci 'yan bayanka ƙwallo uku yau. Waɗanda kake sawa ranar Asabar sun ci uku a wata guda?"

"Ba a nan take ba."

"A ina take, Gajere?"

Sunan ya sa kocin ya ɗaure fuska. "To bari in gaya maka gaskiya, tunda ita ka zo nema. 'Yan gaban Asabar ina da huɗu. Na Laraba ɗaya gare ni tak. In na sa shi ranar Asabar wani ya taka masa idon sawu, wa zai zame mini abokan hamayya mako mai zuwa? Kujerata a kan sakamako take, ba a kan ɗan kowa ba."

"Wato ba jira yake yi ba."

"Yana cikin babban kulob. Yana sa rigarmu. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Kyaftin ya buga tafin hannu a kan tebur. "Ni na zauna benci ina jiran layi ya zo kaina, kuma ya zo! Kakansa haka! Kai ka ajiye yaro a inda babu layi, ka bar ni ina yi masa wa'azin haƙuri shekara biyu! Wannan zalunci ba a taɓa yin sa a kulob ɗin nan ba. Ba haka muka tarar ba, ba haka muka bari ba!"

Koci ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "An taɓa, ranka ya daɗe. A wurinka na koya."

"Ka iya bakinka."

"Shekarar da muka ɗauki kofi. Kai ka je ka sami tsohon koci ka ce a ware maka wani cikin 'yan benci ya riƙa kwaikwayon ɗan gaban da za ka tare. Wani siririn yaro, muna ce masa Madubi. Ina nan, ni nake riƙe da takalmanka. Shekara huɗu kana goge ƙafarka a jikinsa kowace Laraba, jaridu suna cewa ba a wuce Kyaftin. Sau nawa ya buga ranar Asabar?"

Kyaftin da ke iya jero 'yan wasan shekara arba'in da lambobinsu, ya nemi fuskar Madubi a ransa ya rasa. Ƙeyarsa kawai ya tuna, da wani tabo a bayan kunne, domin ɗan baya ƙeya yake kallo. Sunansa na yanka bai taɓa tambaya ba. Ranar da ya daina zuwa ma bai lura ba.

"Ina yake yanzu?" Kyaftin ya tambaya.

"Ni zan sani? Kai ne kyaftin ɗinsa."

Fushin Kyaftin bai sauka ba, sai dai ya rasa inda zai dosa. Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ninkin, ya shimfiɗa ta a gaban kocin, ya danne da yatsa.

"Sa hannu."

"Kyaftin, gobe ma ina bukatarsa. Bari a wuce wasan Asabar, sai mu zauna."

"Juma'a ake rufewa, ka sani, na sani. Ka ce in na zo da bakina za ka sa hannu, don ka tabbata ba zan zo ba. To ga ni, ga bakina."

"Ka san inda za ka kai shi? Filinsu rabi ƙasa ce. Motarsu sai an tura. Kuma ba wanda ya rubuta maka cewa can ɗin za su sa shi. Sa'annan shugabanni za su ji cewa Kyaftin da kansa ya zo ya cire ɗansa ana saura kwana uku babban wasa. Kujerar nan taka ta Asabar, ban san yadda za a yi da ita ba."

"A ba wani. Sa hannu."

Koci ya ja biro ya rattaba, ya buga hatimi da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Bai miƙo takardar ba. Kyaftin ne ya ɗauka.

A waje Auta yana zaune kan dakalin ɗakin canja kaya yana kwance igiyar takalmi. Da ya ga mahaifinsa ya miƙe, amma bai gaishe shi ba. Kyaftin ya miƙa masa takardar. Yaron ya dubi hatimin, ya dubi mahaifinsa, fuskarsa ba ta saki ba.

"Shekara biyu ina so in gaya maka, Baba. Duk sanda na fara sai ka ce kakana."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Gani ka yi."

Da a wata rana ce, da wannan maganar ta jawo wa yaron abin da ba zai manta ba. Kyaftin ya haɗiye ta, ta wuce masa da ƙyar. Haƙuri dai bai bayar ba, bai iya ba, kuma yaron bai sa rai ba.

"Ofishin rajista yana rufewa ƙarfe huɗu," in ji Kyaftin. "Yau za a kai, ba Juma'a ba. Ɗauko jakarka. Wasansu na farko yaushe ne?"

"Lahadi ta sama."

"Zan zo."

"In sun sa ni," in ji Auta. "Can ma akwai masu jira."

"To ka je ka ƙwace," Kyaftin ya ce a fusace, ya yi gaba zuwa bakin titi yana ɗaga wa mota hannu.