Akwatin Kan Firij Ya Tona Asirin Inna

Ƙanena Injiniya, wanda ko a gaisuwa sai ya cusa zancen na'ura, shi ya kawo mana akwatin wayifai ɗin da kamfaninsu ke gwadawa. Ya ɗora shi kan firij yana ta zuba.

"Yaya, wannan na gobe ne, bai ma shiga kasuwa ba. Bayan intanet, siginarsa na ratsa bango, mutum ya motsa a ɗaki sai ya ji. In Inna ta faɗi, wayarki za ta yi ƙara."

Maganar ƙarshen nan ce kawai ta shiga kunnena. Tun da aka yi wa mahaifiyarmu aiki a ƙugu muka ɗauko ta zuwa gidana, ta ƙi taka ƙasa. Likita ya ce ƙashi ya haɗu, ita ta ce ƙarya yake. Ni kuwa tsorona kada ta ƙare a kwance.

Ina shago ina yanka yadi sai wayar ta ɗauki ƙara: motsi mai ƙarfi a ɗakin Inna. Na yar da almakashi, na tari babur, na kira Injiniya ina kuka.

"Ba faɗuwa ba ce," in ji shi, yana duba siginar a kwamfutarsa. "Wannan juyi yake ta yi, hagu da dama."

"To ɓarawo ne!"

Da tsintsiya a hannu na banka ƙofar. Rediyo na tashi, ga Inna a tsakiyar ɗaki, ɗankwali ya zame, tana tiƙar rawa har da kaɗa kafaɗa. Muna haɗa ido ta zube kan gado ta hau nishi.

Dariya ta durƙusar da ni, hawaye na zuba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

"Wane munafukin ya gaya miki?" in ji Inna.

"Akwatin kan firij."

"Ɗan gulma. Halin wanda ya kawo shi ya ɗauko."

"Inna, me ya sa kika ɓoye mana?"

Ta gyara ɗankwali, ba ta dube ni ba. "In na warke ai mayar da ni za ku yi. Gidan can ko tari ba mai yi sai ni."

Na ajiye tsintsiyar, na ƙaro muryar rediyo, na miƙa mata hannu. "Tashi. Ba inda za ki, ɗakin nan naki ne."

Muna cikin juyi Injiniya ya kira.

"Yaya, lafiya? Yanzu mutum biyu nake gani."