Murfin da Na Musanya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ɗakin binciken Malam, kuma maganarsa ɗaya ce kullum, har muka haddace ta muna kwaikwayonsa idan ya fita. Ƙwayar cuta, in ji shi, ba ta zuwa da guzuri. Idan ta shiga ƙwayar halittar jikin mutum, kitsen da ta tarar a ciki take ɗiba ta yi wa 'ya'yanta riga, wata ma ta kwanta a kansa tana ci. "To don me za mu yi ta bin ta da magani tana canja kama?" Sai ya buga tebur. "A rufe mata kicin kawai!"

Abin da muke nema ke nan, maganin da zai hana ƙwayar halitta yin kitse na ɗan lokaci har cutar ta rasa abin hayayyafa. A watan da ciwon hanta ya kwantar da Malam, a watan maganin ya yi aiki. Farantin gwaji goma sha biyu, cutar ta kasa motsi a cikin kowanne. Da na kai masa labari gida, mutumin da bai taɓa ce min sannu da aiki ba ya riƙe hannuna yana kuka. Muka rubuta rahoto, sa hannunsa kaɗai ya rage.

Ni da shegen son tabbatarwa, na buɗe sabuwar kwalbar ruwan da muke ciyar da ƙwayoyin halittar na sake gwaji. Cutar ta cika faranti kamar ba a sa magani ba. Na sake, haka. Na sake, haka.

Ruwan iri biyu ne, akwai mai kitse irin na jinin mutum, akwai wanda aka tace kitsensa. Kafin a yi amfani da su sai an ɗumama kwalaben a cikin ruwan ɗumi, takardar jikinsu kuwa saɓulewa take yi, shi ya sa dokar Malam ita ce a rubuta suna a kan murfi. Murfin kwalaben biyu na musanya. Ni, wadda ke yi wa ɗalibai faɗa har su yi hawaye a kan buɗe kwalba biyu lokaci ɗaya. Duk tsawon gwajin farkon nan da ruwa marar kitse nake ciyar da su. Maganin ya rufe kicin ɗin da gaske, amma in akwai kitse a waje, ƙwayar halitta jawo shi take yi ciki, cutar ta ci ta ƙoshi. A jikin mutum kuwa kitse ba ya yankewa.

Ba wanda ya sani sai ni. Likitoci sun ce Malam ba zai wuce sati biyu ba. Wallahi na yi tunanin yin shiru, kwana biyu cur ina juya abin, kuma na ji kunyar kaina da na ga yadda shirun ya yi min daɗi.

Da la'asar na je gidan Malam. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta rage murya. "'Yata, tun safe yake tambayarki. Rabon da in ga ya ci abinci da marmari tun kafin ya kwanta, sai da aikin nan naku ya yi kyau."

Yana jingine da filo uku, ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Ya riga ya cire murfin biro yana jira.

"Sarkin faɗa, ina takardar?"

Na zauna a bakin gado na gaya masa komai, ban rage ba, ban kuma ɗora wa kowa ba. Bai katse ni ba. Fanka tana ta juyawa a samanmu.

"Sau nawa kika maimaita?"

"Sau uku, Malam."

"Wa kika gaya wa?"

"Kai ne na farko."

Ya kalli biron, sannan ya mayar da murfin. "Ƙofa biyu ke nan. Sai an hana ƙwayar halitta yin kitse, an kuma hana ta jawowa daga waje. Aikin shekara nawa kike gani?"

"Biyar, in an yi sa'a."

Ya gyaɗa kai. Duk mun san lissafin, ba wanda ya faɗa.

Na miƙe zan tafi. Har na kama ƙofa na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da kin bari sai bayan sati biyu, 'yar nan."

Na tsaya, na kasa juyowa.

"A'a," ya ce. "Gara da kika zo."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Yau shekara huɗu ina kan ƙofa ta biyun, kuma har yanzu ban san wacce ce ta fito daga zuciyarsa ba a cikin maganganun nan biyu.