A Bayan Honarabul, Sahun Farko

Shekara goma sha ɗaya Yaya Zainulabideen ya yi a Alƙahira, kuma duk taron da ɗaliban jiharmu za su yi a unguwar Madinat Nasr shi ke jan salla. Ba wanda ya naɗa shi. Kowa dai ya san ya fi mu karatu, ko da yake digirinsa na uku ya ƙi ƙarewa.

Sai ga labari Ishaq zai zo. Ishaq ɗin da suka taɓa zama ɗaki ɗaya, wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu ya tattara ya koma gida. Can ya kama koyarwa a firamare, ya shiga ƙungiyar malamai, ya ja yajin aikin wata uku har aka gyara musu azuzuwa. Daga nan aka zaɓe shi kansila, a zaɓen 2011 kuma ya haye majalisar jiha. Yanzu ya kawo mahaifiyarsa asibitin ido.

"Honarabul!" Yaya ya ce min yana murza hularsa. "Mardiya, mutumin nan fa ni nake gyara masa karatu kullum. Baƙi ɗaya sai mu kwana uku a kai."

Na ci gaba da yanka albasa.

A gidanmu aka yi walimar. Falo ya cika har bakin ƙofa. Nata'ala, sakataren ƙungiyar ɗalibai, ya jawo kujerar Yaya mai matashi ya ba baƙo. Tambayoyin da aka saba kawo wa Yaya ranar ba wanda ya tuna da su. Sai baƙo ake ta tambaya: ta yaya aka yi yajin aikin? Da gaske an kulle shi kwana biyu? Ishaq yana ba da labari suna ta dariya, Yaya kuwa yana gefe yana juya shayin da ba sukari.

Da aka kira magariba, Yaya ne ya fara miƙewa.

"Yalla, Honarabul, bismillah. Mai jan jama'a a majalisa ai raka'a uku ba za ta gagare shi ba."

"Haba Malam, a gabanka? Rufa min asiri."

"Khalas, magana ta ƙare, kai ne baƙo."

Nan take na gane nufinsa. A magariba da ƙarfi ake karatu, kuma in liman ya yi kuskure, wanda ke bayansa ne ke gyara masa kowa na ji. Yaya ya tsaya daidai bayan Ishaq. Ni ranar ba na salla, ina bakin kicin riƙe da tire, ina ganin komai.

Ishaq ya ta da kabbara. Muryarsa ba daɗi, ta dishe da jawabi a taro, amma bai yi tuntuɓe ba. Yaya ya karkata kai, kunnensa kamar zai taɓa kafaɗar liman. Raka'a ta farko ta wuce. Ta biyu ma haka. Na ga wuyan Yaya ya jiƙe da gumi.

Bayan sujada ta ƙarshe kowa ya zauna tahiya. Yaya kuwa ya miƙe tsaye, zai kawo ta huɗu. Shi kaɗai, dogo, a tsakiyar sahun farko, mutum talatin zaune. Sai da wani ya ja masa bakin riga ya durƙushe.

Aka sallame. Can baya wani ya yi tarin da ba tari ba.

Ishaq ya juyo ya kama hannunsa. "Ma'alish, ba komai Malam, kowa na mantuwa. Surar nan ma ai kai ka dasa min ita a saman bene, kana ce min ƙwaƙwalwar katako. Har yau da ita nake salla."

Yaya ya yi murmushin yaƙe.

Na zuba shinkafa aka ci. Da lokacin isha'i ya yi, Nata'ala ya ɗauki dardumar Yaya, koriyar nan da Inna ta aiko masa, ya shimfiɗa a gaban Ishaq. Bai ko waiwayo ya tambaya ba.