Kunnen Hajiya Yelwa

Wayar Hajiya Yelwa ta cika har ta daina karɓar saƙo, sai ta miƙa wa ɗanta Manniru. Ai aikinsa ne, a sashen kwamfuta yake a wata ma'aikata cikin gari. Da ya duba, abin da ya cinye wurin muryar mahaifinsa ce, hirarrakin da aka ɗauka a barandar gidansu na Jikwoyi kafin rasuwarsa.

Matse fayil iri biyu ne, kuma Manniru ya sani sarai. Akwai wanda ke ninke abu kamar tufafi a akwati, in an buɗe komai na nan. Akwai kuma wanda ke zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, irin siririn sautin da ke ƙarƙashin mai ƙarfi. Na biyun ya fi rage nauyi. Motar ofis na jiransa a bakin titin Karshi, don haka na biyun ya zaɓa, ya matse iya matsewa. Ya saurari farkon guda ɗaya, ya ji magana na fita, ya goge na asalin.

Ranar Asabar ya iske ta da mayafi a kafaɗa.

"Manniru, kai ni asibiti a duba min kunne."

"Ciwo yake miki, Umma?"

"A'a. Ji ne ya fara barina. Da in Malam na magana a wayar nan ina jin carbinsa yana ƙas-ƙas, ina jin yadda yake jan numfashi kafin ya yi dariya. Yanzu maganar kawai nake ji, kamar daga cikin tulu."

Ya ɗauko makullin mota. Suka kama hanyar asibiti. Har suka wuce Nyanya tana lissafa 'yan gidansu da suka kurmance da tsufa, tana cewa gado ne, Allah ya sa iyakarsa ke nan. Shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Sai ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Umma, kunnenki lafiya lau. Ni ne na rage muryar."

Ya yi mata bayani yana kallon sitiyari. Ta saurara har ƙarshe.

"To, abin da ka rage ɗin, ina ka ajiye shi?"

"Ban ajiye ba."

"Ba a mayarwa?"

"Irin wannan ba a mayarwa."

Ta daɗe tana kallon masu tallar ruwa suna ratsa motoci. Ya so ta yi masa faɗa, ba ta yi ba.

"Alhamdu lillahi da ba kunnen ba ne," ta ce a hankali. "Juya mu koma, na bar wake a wuta."

Ya tayar da mota, ya jira hanya ta buɗe.