Fitilar Kan Keken Gwaggo

Ƙarar faɗuwar Gwaggo ba ta kai ƙarar kekunan ɗinki ba, shi ya sa babu wadda ta ɗago kai. Auta kaɗai ta ji, don kekenta na manne da na ƙanwar mahaifin nata. Ta ga warin takalmi ya mirgino ƙarƙashin teburinta, ta ga ɗankwalin Gwaggo a ƙasa cikin ƙyallaye. Amma ƙafarta ba ta bar feda ba sai da ta kai ƙarshen hannun rigar da ke ƙarƙashin allura. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

A kamfanin nan kowane keke da fitilarsa a kai. Na'ura ce ke auna abin da mace ta ɗinka a yini: in ta cika, kore, in ta gaza, ja. Ba ruwan na'ura da ciwon baya, ba ruwanta da zaren da ya tsinke. In an tashi, babu mai yi wa 'yar'uwarta sannu da aiki, sai dai "Me kika samu yau?" Wadda ta samu ja ko abinci ba ya yi mata daɗi, ta dinga ganin kanta kamar wadda ta yi sata. Auta kuwa ja ta yi mata yawa a watan nan, an kuma gaya mata ta gaba ita ce ta sallama.

"Kowa ta ci gaba da aikinta!" in ji mai duba layi, wanda suke kira Agogo saboda idonsa ba ya barin tsintsiyar hannunsa. "Masu gadi za su zo su ɗauke ta. Ke Auta, koma kan kekenki."

"Su ɗauke ta? Buhun ƙyalle ce?"

"Fitilarki nake jiye miki."

"Matar nan ita ta goya ni. Matsa ka ba ni hanya, ko in bi ta kanka!"

Ta saɓa Gwaggo a kafaɗa, ta ji ba nauyi, kamar ta ɗauki ƙullin wanki. Matan layin suka bi su da wutsiyar ido, ƙafafunsu na ta aiki. Auta ta so ta zage su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tuna hannun rigar da ta tsaya ƙarasawa, ta haɗiye.

* * *

"Yaushe rabonta da shan ruwa?" likita ta tambaya a asibiti, bayan an ɗaura wa Gwaggo ƙarin ruwa.

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ina za ta fara? Banɗaki yana can bayan sito, kafin mace ta je ta dawo na'ura ta ci rabonta. Don haka ba a shan ruwa daga safe har a tashi. In baki ya bushe, a jefa maɓalli a tsotsa, yawu ya taru. Azumin Agogo suke ce masa, azumin da ba lada. Gwaggo ce ma ke koya wa sababbin shiga dabarar, tana alfahari ta shekara ba ta ga ja ba.

"Ƙodarta ta gaji," in ji likita. "Wannan ba aikin yau ba ne. Ku wane irin mutane ne?"

Auta ta fito daga ɗakin. Tana tsaye a baranda maigidanta ya iso, direban da motarsa ta daɗe a wurin makaniki. Ya tsaya nesa-nesa, ya ɓoye hannuwa a aljihu. Haka yake yi tun da ta ɗauki ɗabi'ar tarar sa a bakin ƙofa da "Me ka tsinana yau?" Har yaransu sun koyi ɗaukar tsintsiya da sun ji takunta, ko da ɗakin a share yake. Yau ta ga tsoron nata a fuskarsa ƙarara, ta ji ta tsani bakinta.

Wayarta ta yi ƙara. Agogo ne.

"In kin dawo yanzu kin cika kafin a tashi, zan kau da kai. Ni ma fa akwai tawa fitilar a ofis."

"Ki je," maigidan ya ce a hankali. "Zan zauna da ita. Ki tuna da abincin yara."

"Ko jikinta ba ka tambaya ba," Auta ta ce cikin wayar. "Ta ƙarar da idonta da bayanta a kan kekenku, yau ta faɗi ko sannu! Ba na zuwa."

"To kin san sauran."

"Na sani. Allah ya isa!"

Ta kashe wayar. Ba ta ji wani sanyi a ranta ba. Tsoro ta ji, don ta san gobe wata za ta zauna a kujerarta, kuma tukunyar gidansu ba ta san zuciya ba.

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da Gwaggo ta farfaɗo. Kafin ta buɗe ido, Auta ta lura da ƙafarta ta dama a ƙarƙashin zanen gado, tana dannawa tana saki, tana dannawa tana saki.

"Auta," ta ce da ƙyar. "Fitilata fa?"

Maigidan ya juya ya fuskanci bango.

"Kore ce, Gwaggo," in ji Auta.

"Alhamdulillahi. Ban ci abincin banza ba yau."

Auta ta tallafo kanta, ta kai mata kofi baki. Leɓunan tsohuwar duk sun tsattsage. Ta kalli ruwan, maƙogwaronta ya motsa, sannan ta sa bayan hannu ta ture kofin.

"Ajiye min," ta ce. "Sai an tashi."