Ɗaki na Tara a Bakin Teku

A Nakkasa, wata unguwa a Makka, aka haife ni, a kan dutse, kuma har na kai shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin teku ba. Daga Makka zuwa Jidda tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, amma ba ni da iƙama, kuma marar takardar zama ba ya yawon ganin gari.

Abu na farko da Inna ta koya mini, tun kafin Fatiha ta zauna a bakina, shi ne: in mai kaki ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba kya nan. Kada ki amsa, kada ki leƙa, ko da sunanki ya kira. Na ga maƙwabtanmu da suka buɗe. Jawazat, jami'an shige da fice, sun sa su a mota da zanin jikinsu, aka mayar da su ƙasar da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Ƙunshi ne sana'ata. A bara Madam Nuf, wata Balarabiya da nake yi wa lalle a unguwar Rusaifa, ta tashi aurar da 'yarta Rim. Ta ce sun kama wani tsohon otal a bakin teku a Jidda, kwana uku, kuma ba ta yarda wani hannu ya taɓa amarya ba sai nawa.

A lokacin Inna tana kwance. Ciwon zuciya ne. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya barci sai a jingine. Likitan da yake duba ta a gida ba tare da ya tambayi takarda ba ƙanin Madam Nuf ne, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Duk da haka na ce wa Inna ba zan je ba.

"Ke tafi can," in ji ta. "Mutuwa kike gadi? Ai ba ta tsoronki."

"Inna, in wani abu ya faru ba na nan fa?"

"Ga Kawunki da mota. In na ji ta matso, sai in aiko shi ya ɗauko ki. Ba zan tafi ban gan ki ba, ya binti." Ta miƙo mini wata kwalbar ruwa da ta shanye. "Ki ɗebo mini ruwan tekun. Shekara talatin ana ce mini gishiri ne, ina so in lasa da kaina."

Otal ba ya karɓar mutum sai da kati. Na je wurin Asma'u, maƙwabciyarmu mai iƙama, in ari katinta, kamar yadda 'yan matan layinmu ke yi. Ta ɗora katin kusa da fuskata ta fashe da dariya.

"Kin fi ni hanci, na fi ki takarda. Ki ja niƙabi sosai, Mujahida. Kuma in an kira Asma'u kada ki tsaya kina waige-waige kamar akuyar da ta ɓata."

Mun wuce shingen hanya a motar Madam Nuf. Ba wanda ya dubi ta baya.

Otal ɗin tsohon gidan wani attajirin jiragen ruwa ne, an ce ya haura shekara ɗari da hamsin. Ɗakuna goma sha huɗu ne kawai. Bangonsa na dutsen teku ne, in ka matsa kusa kana ganin ƙananan bawon katantanwa a ciki. Na tuna gidajen layinmu da aka shafa wa jan fenti za a rushe, an ce sun tsufa. Nan kuma tsufan ake zuwa kallo.

A wurin karɓar baƙi wani saurayi ya karɓi katin Asma'u, ya dube shi, ya dubi idona. Ya rubuta, ya miƙo mini wani mabuɗin tagulla mai nauyi, da lamba tara a jiki.

Da muka hau bene Madam Nuf ta buɗe jakarta. "Wayoyi, ya banat, 'yan mata. Duk mai aiki ta kawo tata." Haka ake yi a bikinsu, don kada hoton amarya ba mayafi ya fita. Na ce mata Inna ba ta da lafiya, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ta shafa kafaɗata. "Kullum da magariba ki zo ki karɓa ki kira ta. Khalas, shi ke nan?" Na saka wayar.

Ɗakin ya fi gidanmu gaba ɗaya girma. Gadon yana da ginshiƙai huɗu da farin labule. Na zauna a kai na nutse, na tsorata, na sauko na shimfiɗa abayata a kan darduma. Akwai wata tsohuwar durowar kaya ta baƙin katako, ta kusa taɓa rufi. Tagar kuwa katako ce mai ƙananan ramuka, kina ganin waje, na waje ba ya ganinki. Ta nan na fara ganin teku. Ban san haka yake ba shi da ƙarshe ba. Ban san yana numfashi ba.

Ranar farko na yi wa mata goma sha ɗaya lalle. Da magariba na kira Inna. Ta ce, "Kin ɗebo?" Na ce gobe. Ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce in ci abincinsu da kyau, in ci har da rabonta.

Washegari da sassafe na bi wata ƙaramar ƙofa ta baya na sauka bakin ruwa. Na cika kwalbar. Na lasa. Gishiri ne, har da ɗaci. Na yi dariya ni kaɗai.

Na gama hannuwan Rim kafin azahar. Bayan salla matan duka suka fita duba zauren da za a yi biki, aka bar ƙafafun amarya sai yamma. Na koma ɗaki na kulle.

Sai wayar da ke gefen gado ta fara ƙara. Wa ya san ni a nan? Na tsaya ina kallonta har ta yi shiru. Ta sake. Ta sake. Na matsa jikin taga na leƙa ƙasa, sai na ga motar 'yan sanda a bakin titi, daidai ƙofar otal.

Can na ji takalma a kan matakalar katako. Aka ƙwanƙwasa.

"Asma'u Mailafiya?"

Na sa ido a ramin mabuɗi. Kaki mai duhu, maɓallan ƙarfe, bel mai faɗi.

"Ya ukhti, akwai wani mutum a ƙasa daga Makka. Ya ce ki sauko yanzu."

Daga Makka. Na ce shi ke nan, saurayin nan ya gane katin ba nawa ba ne. Za su kama ni, su kama Asma'u, su bi sawu har gadon Inna. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka san hanya. Na cire takalmi na shige durowar nan, na ja murfin.

Ciki duhu ne da warin tsohon katako. Na durƙusa na cusa bakin mayafi a bakina. An sake ƙwanƙwasawa sau uku, tsakani mai nisa. Na ji an kira sunan Asma'u, na ji an taɓa wani abu a ƙasan ƙofa. Na ji kiran la'asar ban fito ba. Na yi sallata a zaune da ido, ina roƙon Allah Ya rufa mana asiri. Har wani daɗi na ji a raina da takalman suka sauka ba su dawo ba.

Muryoyin mata ne suka fito da ni, rana ta kusa faɗuwa. Ƙafafuna sun mutu, da rarrafe na isa ƙofa. A ƙasa na ga takarda an turo. Ba na karatu da sauri, aji uku na yi a makarantar unguwa, amma na san rubutun Kawu Abdulrauf, ƙanin Inna, manya-manyan baƙaƙe kamar na allo.

"Mujahida ki sauko. Ni ne. Inna tana kiranki."

Na fita da gudu ba takalmi. A kan matakala na yi karo da mai kakin. Dattijo ne, da tire a hannu. Kayan ma'aikatan otal ne a jikinsa.

"Ke ce ta ɗaki na tara? Ya Allah, ina kika shiga? Mutumin nan ya fi awa biyu a tsaye. Ya roƙi ya hau, muka ce benen nan na mata ne. Na ce ya ba ni sunansa, ya ƙi."

Na san dalilin. Kawu ba zai haɗa sunansa da katin aro a gaban mai rubutu ba. Motar 'yan sandan ma, ashe shayi suka tsaya sha a shagon da ke gefe.

Madam Nuf ta zazzage jakarta a kan gado. Na ɗauki wayata, kira goma sha bakwai. Ina danna lambar Kawu ana kiran magariba. Ya ɗauka, sai na ji kukan mata a bayansa.

Madam Nuf ta rungume ni tana kuka, ta ce direbanta Hisham ya kai ni yanzu. Ina fita na ji wata daga cikin dangin ango tana tambaya a hankali, to wa zai yi ƙafafun amarya?

Na tarar an lulluɓe Inna da zaninta mai ruwan ƙasa. Asma'u ce ta rufe mata ido. Na ba ta katinta, ta karɓa ba ta dube shi ba.

Sai bayan kwana uku na iya tsayawa gaban Kawu. Yana zaune a bakin ƙofa, yana juya mabuɗin mota.

"Kawu, ka same ta da rai?"

"Na same ta."

"Ta tambaye ni?"

"Tun daga ƙofa. Ta ce, ina take?" Ya goge fuska da tafin hannu. "Na gaya mata gaskiya. Na ce ba su bar ni na hau ba, wani mai kaki suka tura, ke kuma kin ƙi buɗewa."

Na riƙe bango. "Me ta ce?"

"Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, mai kaki? Na ce e. Ta ce, to ta yi daidai. Haka na koya mata."

Kwalbar tana kan tagarmu har yanzu. Ruwan ya fara yin kore. An shafa wa bangonmu jan fenti a watan jiya, kuma ban san ko zan ɗauke ta in mun tashi ba.